Kujeru Uku a Bayan Ƙaramar Mota

Motarmu ƙarama ce, irin wadda in maigidana ya shiga sai gwiwarsa ta riƙa gaisawa da sitiyari. Mu uku ta saba ɗauka: ni, shi, da 'yarmu ta fari, wadda take da kujerarta ta yara ɗaure a baya. Ana nan sai Allah ya ba mu tagwaye, maza.

Kujerar nan ta jawo mini surutu ba kaɗan ba a Nyohini, unguwarmu a Tamale. A Tamale mace tana hawa babur da goyo a baya, wani yaron a kan tanki, daro a ka, ta je kasuwa ta dawo lafiya lau, sai ga ni ina ɗaure yarinya da bel kamar za ta tashi sama. Mata suka sa mini suna mai kujera. Oho, su suka sani. Ni nas ce, na yi shekaru a ɗakin da ake kawo waɗanda suka yi haɗari. Na taɓa karɓar wata uwa da aka shigo da ita hannuwanta a naɗe a ƙirji, kamar mai rungume da jariri, alhali jaririn ya riga ya fita ta gilashi. Tun ranar na rantse ɗan da na haifa ba zai hau mota a kan cinya ba, ko cinyar tawa ce.

Kafin in haihu an riga an yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa garin Wa, aka tsaida magana cewa da na yi arba'in za mu tashi gaba ɗaya. Ranar suna, da jama'a suka ragu, yayar mijina ta shigo ɗakina. Yaya nake ce mata, yara kuma Goggo. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Sana'arta doya, tana sarowa a ƙauyuka ta loda mota ta aika kudu, kuma direbobi suna shakkarta fiye da yadda suke shakkar 'yan sanda. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk maza ne, sun watse Accra da Kumasi, ita kaɗai ce a gidanta na unguwar Sabonjida. Ta zauna ta ɗora yarinyar a cinya tana ba ta nama a baki.

Ta ce, "Amarya, bayanki ɗaya, hannunki biyu. Babbar nan ki bar mini ita."

Babu wanda ya ji abin ya zo masa baƙo. Goggo tana da haƙƙi a kan 'yar ƙanenta, kuma dangin uwar su maigida 'yan ƙabilar Dagomba ne, a wurinsu ma abin ya fi ƙarfi. Ni kuwa bakina a ɗaure yake, don yarinyar 'yar fari ce. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban manya, in ta faɗi a gaban surukai sai in kau da kai, wani ya ɗaga ta. Haka aka rene ni. In buɗe baki a tsakiyar mata in ce ina son 'yata, ba zan iya rabuwa da ita ba? Da an daɗe ana ba da labarin rashin kunyata. Wallahi abin da kawai na iya fitarwa shi ne, "Ai kujerarta tana nan a mota, Yaya."

Mata suka kwashe da dariya. Yaya ta ce, "Wace motar? Wannan gwangwanin? To mu yi haka. In ta ɗauki kujeru uku, kowa a ɗaure yadda kike so, ƙofa ta rufu, ku tafi da ita. In ba ta ɗauka ba, kin ga ba ni na raba ku ba."

Na ce to. Me zan ce? Da na gaya wa maigida sai ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya ce fa." Haushi ya hana ni yi masa magana har washegari.

Kujerun tagwaye a wurin wani mai kayan gwanjo a Kumasi muka yi sautu. Mutumin nan ya yi ta yi mana gobe, jibi, ba su iso ba sai ana gobe tafiya, an riga an tura kayan ɗakinmu a babbar mota. Ranar tafiya da safe Yaya ta sauka daga keke mai ƙafa uku, wanda muke kira yalo-yalo, ta gaisa da kowa, ta ja benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Yarinyar ta ruga ta haye cinyarta, don tana son goggonta, ba zan ɓoye ba. Maigida ya fito da kujeru ya jera su a ƙasa.

Na tagwaye kamar ƙananan baho suke, masu mariƙi, kuma baya suke kallo, faɗinsu yana wajen kan jariri. Ta yarinyar a tsaye take, tana kallon gaba, faɗinta a kafaɗa. Maigida ya sa na tagwaye a jere kusa da juna, ya kawo ta yarinyar bakin ƙofa, ya tura. Ƙofa ta ƙi. Ya zagaya ya fara ta ɗaya ɓangaren, tagwaye a haɗe, yarinya a ƙarshe. Ƙofa ta ƙi. Abin da ya rage bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma ko gezau. Ya sa kafaɗa ya danna, kujera ta karkace ta hau kan 'yar'uwarta. Na ce a'a, wannan ba ɗauri ba ne, a sake.

Kan ka ce me, maƙwabta sun taru, kowa da shawararsa. Wata ta ce in goya ɗaya in zauna a karkace. Wani ya ce a kai kujera ɗaya gaba ni in matse a baya, muka gwada, ko cinyata ɗaya ba ta shiga tsakanin kujeru biyu ba. Aka kira makaniken unguwa, ya zagaya motar yana taɓa haɓa, ya ce in an ba shi dama zai cire kwalin jikin ƙofa, ya yanke gefen kujera ɗaya da zarto. Na ce in ya kusanto da zarto sai na yanke masa kunne da shi. Aka yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba, idona ya rufe.

Abin da ba wanda ya kawo a ransa a cikinmu, har ni mai karatun asibiti, shi ne a raba kujerun tagwayen. Tagwaye ba a shiga tsakaninsu. Shimfiɗa ɗaya suke kwana, in ka saya wa wannan riga ka saya wa wancan, in ka gaida ɗaya ka gaida ɗayan. Tsofaffi suna cewa in ka ɓata musu rai sai tukunyarka ta ƙi tafasa, ko su turo maka kunama. Ban taɓa yarda da wannan ba, amma hannuna da kansa yake jera su tare. Haka muka yi ta juya abu ɗaya, rana ta ɗaga, rigar maigida ta jiƙe sharkaf, tagwaye suka tashi da kuka, na shiga na shayar da su na fito, ana nan inda na bari.

Daga ƙarshe maigida ya ciro kujerar yarinyar ya ajiye a ƙasa. Na tagwaye biyu suka zauna daram, ya rufe ƙofa, ƙofa ta rufu. Bai kalle ni ba. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hanya da nisa. In an yi hutu sai mu zo mu gan ta." Na juya ina gyara zanin goyon da ba ya bukatar gyara, don kada a ga fuskata. Ga jama'a, ga Yaya, ko kuka ba ni da izinin yi.

Yarinyar ba ta san me ake ciki ba, shekararta uku da 'yan watanni. Ita dai ta ji an rufe ƙofa, kuma ta san in an rufe ƙofa tafiya ta zo. Ta zame daga cinyar goggonta, ta taka zuwa inda kujerarta take a kan jar ƙasa, ta hau ta zauna. Ta zura hannu ɗaya cikin bel, ta zura ɗayan, yadda na koya mata, ta yi ta fama da maɓallin har ya ce ƙas. Sannan ta ɗora hannuwa a gwiwa, tana kallon gaba, tana jiran a tada mota.

Wata maƙwabciya ta fara dariya, ta haɗiye abarta.

Sai na ji benci ya yi ƙara. Yaya ta miƙe, ta cire mayafi ta ɗaure a ƙugu, ta ce wa ƙanenta, "Kai, matsa. Fito da su duka."

Ta shiga bayan motar da gwiwa, ta zura hannu cikin tsagar kushin har gwiwar hannu, ta yi ta lalube. Ta fito da ɓawon gyaɗa, ta fito da wani tsohon cokali, sannan ta jawo bel ɗin tsakiya, wanda tun da muka sayi motar ba mu san da shi ba. Ta kwance yarinyar ta sauke ta, ta ɗauki kujerar ta dasa a tsakiya.

Maƙwabciyar nan ta dafe ƙirji. "Hajiya! Raba tagwaye za ki yi?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yayarsu ce, ta riga su kwana a cikin da suka fito. In kunama za su turo, su turo mini Sabonjida, ina gida." Sannan ta kira ni. "Amarya, zo. Ni ban san ta inda igiyar nan take bi ba. Zura, ni in danna."

Na shiga ta ɗaya ƙofar. Na bi da bel ta ramukansa, ita kuma ta ɗora gwiwa a kan kujerar ta sake mata nauyinta duka, yadda take yi wa buhu, har kushin ya lotsa. Na ja, na ɗaure. Ta girgiza kujerar da hannu biyu, ba ta motsa ba. Muka kawo ta tagwaye ɗaya dama, ɗaya hagu. Ikon Allah! Inda ta tsakiya ta yi faɗi a kafaɗa, nan na gefe suka tsuke, inda na gefe suka buɗe kuwa sun wuce gaba, babu abin da ya tare su. Suka shige juna kamar doyar da aka jera kan wannan a gindin waccan. Na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, na fito na tura ƙofa da yatsu biyu. Ta rufu. Maigida ya tura tasa, ta rufu.

Makanike ya ce, "Tabɗi!" Mata suka ɗauki guɗa kamar ana biki. Ni dai na tsaya ina kallon kujeru uku a jere cikin gwangwanin nan. Na ga abubuwa a asibiti, na ga wanda aka fidda rai da shi ya tashi ya nemi koko, amma ban taɓa jin abin da na ji a ƙofar gidan nan ba. Matar da ta ci magana, a gaban shaidu, ita ce ta tashi ta warware cin nata da hannunta.

Aka sa tagwaye. Yaya da kanta ta ɗauki yarinyar ta zaunar, ta gyara mata ɗankwali, ta tofa mata addu'a a ka, ta daɗe tana tofawa. Ta ce mata, "Ga ƙannenki nan, dama da hagu. Wanda ya yi kuka ki ba shi yatsa." Yarinyar ta ce, "Goggo, shigo mana." Ta ce, "Babu wuri, uwata."

Na zagaya bayan mota inda take kwance mayafinta daga ƙugu, na durƙusa har ƙasa. Godiya ma ban san ta inda zan fara ba, don in na gode na tona kaina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, yaushe kika gane?"

Ta kalle ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Tun da ya jera su a ƙasa da safe. Shekara nawa ina lodi?" Ta yafa mayafin. "Na so in yi shiru, Amarya. Wallahi na so. Da ba wanda zai taɓa sani."

Ta kama hannuna ta ɗaga ni, ta tura ni gaban mota ta rufe mini ƙofa. Sannan ta buga rufin motar da tafin hannu, yadda take sallamar direbobinta in lodi ya kammala, ta leƙo ta taga ta ce wa ƙanenta, "Ja motarka ku tafi, tun ban sake shawara ba."

Ya ja. Na leƙa madubin gefe ina neman ta cikin masu ɗaga mana hannu, ban gan ta ba. Sai da muka kusa shan kwana na hango ta can, ta ba mu baya, tana tafiya a ƙasa wajen titi, ita kaɗai.