Wuraren da Rediyo Yake Tsayar da Mota

Shagon askinsa ɗaki ɗaya ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai sayar da katin waya. Kujerar juyawa ɗaya ce, an ɗaure hannunta na hagu da waya, sai bencin masu jira da madubi mai tsaga a kusurwa. A nan ya yi ƙuruciyarsa, a nan furfura ta iske shi. Kowa Rediyo yake ce masa, har surukarsa, domin da zarar ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya ya kunna ke nan, ba ya kashewa sai ya kaɗe gashin ƙarshe.

Bai yi yawon duniya ba, amma duk kan da ya aske ya bar masa labarin wani wuri. Direbobi, fatake, ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki, duk sun zauna a kujerar nan sun zuba, shi kuma bai zubar da ko ɗaya ba. Saboda haka da shi da abokansa suka fara fita yawon buɗe ido duk shekara a motar Direba, ba a yi gardama ba aka ba shi gidan gaba. Tela da Hedimasta suna baya, shi yana gaba, hannu a waje, yana nuna musu duniya.

A da su biyar ne. Na biyar ɗin, Gajere, ciwon baya ya kama shi, sai an riƙa tsayawa yana miƙe ƙafa. Direba kuwa ya yi rayuwarsa yana jan babbar mota, a wurinsa tsayawa ba dalili abin kunya ne. Ya yi ta tsaki har aka dawo. Da shekara ta zagayo, ba wanda ya ce kada a gaya wa Gajere ranar tafiya. Ba wanda ya gaya masa kuma.

Wannan shi ne abin da ya tsaya wa Rediyo a rai bana, domin shi ma jiki ya fara yi masa gardama. Watanni ke nan yakan bar mutum da rabin aski ya zagaya bayan shago, ya dawo, kafin ya gama gyaran fuska ya sake zagayawa. Fitsari ne ba ya ba shi wa'adi.

"Baban yara, ka je asibiti mana," in ji matarsa da safiyar tafiya, ganin ya ture kofin shayi bai kurɓa ba.

"Asibitin me? Ni da ban san ƙofarsa ba?"

"To ka gaya wa abokanka, su riƙa tsaya maka."

"In gaya wa Direba? Baɗi kina nan za ki gan ni a benci ɗaya da Gajere."

Ya sa hularsa ya fita da ƙarfin gwiwa, domin ya riga ya shirya dabararsa. Madatsar ruwa za su gani bana, tafiyar yini guda, kuma ba wanda ya san abin da ke bakin hanyar nan kamarsa.

Ba su yi nisa da gari ba ya buga gaban mota. "Tsaya, tsaya! Za ku wuce abin tarihi kuna hira."

Wata ƙatuwar bishiya ce mai kogo. Ya jera su a gabanta ya ce wani mai aski ya taɓa buɗe shago a cikin kogon, har da benci. Ya ce su leƙa su ga inda ya rataye madubi. Suna leƙe, shi ya zagaya bayan bishiyar da gorar ruwansa. Ya dawo fuska a sake.

"Ni jemagu na gani," in ji Tela.

"Su suka gaji shagon."

A gidan mai bai sha wahala ba, kowa ya watse, Direba yana faɗa da mai zuba mai a kan kada ya ɗiga masa a fenti. A wata 'yar kasuwar bakin hanya ya sa aka tsaya wai a nan ake saƙa hular rana mafi ƙarko, Tela ya saya, ta yi masa yawa, ya riƙa riƙe ta da hannu. Daga nan sai tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ciyawa ta cinye dogo, agogon bango ba hannu. Wannan kam ta burge su da gaske. Hedimasta ya tsaya yana karanta abin da ya rage na rubutun allon, har ya cire tabarau ya goge.

Amma rana tana yin sama, abin kallo yana ƙaranci, tazarar da jikinsa ke ba shi kuma tana raguwa. Ya tsayar da su a gindin wani dutse ya ce siffar raƙumi ce a durƙushe.

"Ina wuyan?" Hedimasta ya tambaya.

"Sai ka je ta can gefen. Ku je duka, ku yi nisa sosai, daga kusa ba ya fitowa."

Suka tafi, suka dawo. Hedimasta ya ce shi dai dutse ya gani. Direba ya dubi rana, ya dubi Rediyo. "Kai, Sarkin Labari, ruwan nan fa ba zai biyo mu nan ba. In muka isa an rufe ƙofa, kai za ka haura katanga ka buɗe mana."

"Ja motarka, tsohon direban kaya. Mutane ka ɗauko yau, ba buhuna ba."

Aka yi dariya, har da shi. Sai hanya ta miƙe ta shiga wani fili fetal. Gonaki ne an girbe, ba bishiya, ba dutse, ba ko rumfar mai lemo. Turakun lantarki kawai, ɗaya bayan ɗaya, har iyakar gani. Rediyo ya yi shiru, abin da ba a saba ba. Ya haɗe gwiwoyi. Ya soma karkaɗa ƙafa. A baya kuma Hedimasta ya buɗe gora yana tsiyaya ruwa a kofi a hankali, ƙul-ƙul-ƙul, kamar da gayya.

"Batir ya ƙare ne?" in ji Tela. "An ɗauke mana shiri."

Rediyo ya baza ido hagu da dama. Gumi ya tsattsafo masa a ƙarƙashin hula. Ya buɗe baki ya ce, "Waɗannan turakun da kuke gani, ai wanda ya kafa su..." Sai ya ji muryarsa da kunnensa, ya ji kunyar kansa ta fi wadda yake gudu. Mutumin da ya aske kawunan rabin gari, yau zai tsaya yana yi wa turken wuta kirari?

Ya gyara zama ya ce, "Direba, tsaya. Ba abin kallo. Fitsari nake ji."

Bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Tun safe shi ne. Bishiya shi ne, raƙumi shi ne. Watanni ke nan ba na iya riƙewa. In baɗi za ku tafi ba ni, ku faɗa mini a gaban idona, kada in ji a bakin mai faci. Amma yanzu dai taka birki, don girman Allah."

Direba ya gangara gefen hanya. Kafin Rediyo ya laluɓo marfin ƙofa, ƙofofin baya sun buɗe a tare. Tela ya yi cikin gona da gudu, hular rana ta faɗi bai waiwaya ba. Hedimasta ya bi ɗaya gefen, yana tafiyar manya amma da ɗan sauri. Direba ya kashe mota, ya fito, ya ɗan bubbuga taya da ƙafa, sannan shi ma ya gangara wani kwari.

Da suka dawo, suka tsaya a jikin mota ba mai kallon wani. Tela ne ya fara fashewa.

"Wallahi tun daga raƙumin nan nake addu'a Allah Ya nuna maka wani abu. Ko kututture ne, ni zan yaba."

"Kai ma?"

"Da ka tura mu can gefen dutse, me kake tsammani muka yi? Wuya muka nema?"

Hedimasta ya gyara tabarau. "Ni na riga ku. Ina ganin likita, ya ɗora ni a kan magani, kuma na samu sauƙi ƙwarai. Lalurar tsufa ce, amma ba a zama da ita. In mun koma zan zo shago in tafi da kai, ko da rabin kan wani a hannunka."

Suka juya ga Direba.

"Ni taya na duba."

"A cikin kwari?"

"Shiga mota, Rediyo, kana ɓata mana lokaci." Ya buɗe masa ƙofar gaba da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Da ya tayar da mota ya ƙara, ido a kan hanya, "In ka ji, ka ce. Wa zai zauna mini a nan in ba kai ba? Tela? Barci zai sa ni."

Rana ta yi sanyi suka isa madatsar. Tun daga nesa ake jin rugugin ruwa. Mai gadi ya taso yana cewa su yi hanzari, ya soma nuna musu matakalar da ake hawa a hango tafkin gaba ɗaya.

Rediyo ya ɗaga masa hannu, ya yi magana da muryarsa ta shago, wadda ake ji har tsallaken titi. "Sannu da aiki, ɗan'uwa. Ruwa ba inda za shi. Fara nuna mana ban ɗaki tukuna."

Mai gadi ya nuna. Rediyo ya wuce gaba, sauran ukun suka bi bayansa.