Yarinyar da Aka Kai Ajin Kurame

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Mariama, wadda yaran lakwal, wato makarantar boko, suka fi sani da Madam. Duk lokacin da shekara ta zagayo sai mutane su tare ni da yabonta, wai mace mai haƙuri, mai son yara. Nakan amsa da Allah ya ji ƙanta, amma raina a ɓace, don rabin masu yabon nan su ne suka riƙa kiranta mai shisshigi tana da rai. Batun haƙuri kuwa ƙari ne. Yaya masifaffiya ce in an taɓa yaro.

Ajin kurame take koyarwa a nan Damagaram. Wata shekara aka kawo mata wata yarinya, Barira, ƴar shekara takwas. Daga ƙauyen Guna aka ɗauko ta, aka ba gwaggonta riƙo a cikin Birni, sai magana ta ɗauke mata. Aka ce zazzaɓi ne ya toshe mata kunne. Kwana uku kawai Yaya ta yi da ita ta ce mini, "Lawali, yarinyar nan tana ji."

Na ce ta yaya ta sani. Ta ce kurame ba su iya shiru ba. Suna jan takalmi, suna buga benci, suna dariya da ƙarfi, tunda ba sa jin kansu. Barira kuwa in za ta ajiye allo sai ta lallaɓa shi kamar ƙwai. Wanda ke tsoron ƙarar kansa, kunnensa lafiya lau yake.

Ba ta tona ta ba, ba ta kuma matsa mata da tambaya ba. Ta bar ta cikin ajin tana koyon maganar hannu tare da sauran. Sai da aka yi wata biyar, ran nan an fita hutu, Barira ta tsaya ta ba da labarin da hannuwanta. Mijin gwaggonta baduku ne. Wata rana Barira ta zubar masa da ruwan rini a kan fata, ya sa ƙarfen aikinsa a wuta ya ɗora mata a baya. Ba sau ɗaya ba. Ya kuma ce ranar da ta buɗe baki, harshen zai ƙona. Yaya ta ɗaga rigarta ta gani, ta kai ta likita, daga can ta wuce wurin alƙalin yara, ta dawo gida da yarinya da takarda.

Abin da ya biyo baya shi ke tayar mini da zuciya har yau. Babu wanda ya ce a nuna masa bayan yarinyar. Dattawan unguwa suka yi ta zarya, kowa da maganarsa ta rufin asiri da zumunci. Uban ya zo daga ƙauye, aka zaunar da shi aka lallashe shi, ya ce ya yafe, sai ka ce bayansa aka ƙona. Gwaggon ta rantse cewa murhu yarinya ta faɗa. Da suka ga Yaya ba ta tanƙwaruwa, sai suka aiko ni. Kuma na je. Na ce mata, "Yaya, ki mayar musu da ƴarsu, mu ma mu huta da bakin mutane."

Ta dube ni ta ce, "Kai ma? To tashi ka ba ni wuri, ina da tuwo a wuta."

Shekara uku Barira ta yi a gidanmu. Maganarta ta dawo a hankali, can ƙasa-ƙasa, kuma da Yaya kaɗai.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da zamanin nan. Yanzu in an azabtar da yaro, kafin a kai shi likita an ɗauki hoton raunin da salula, an watsa, kowa ya rubuta Allah ya isa ya wuce. An daina ɓoye bayan yaro, an koma tallarsa. Amma bari mai laifin ya zama maƙwabci ko suruki, nan take za ka ga masu Allah ya isan nan sun sa babbar riga sun tafi ban haƙuri. Na tabbata da tana nan da ta ƙwace salular wani ta jefa a randa.

Ranar sadakar arba'in ɗin Yaya, an gama addu'a ke nan sai badukun nan ya gyara zama a zaurenmu, da dattawa biyar a gefensa. Ya ce tunda mai riƙo ta koma ga Allah, sun zo ɗaukar amanarsu. Amana fa ya ce, bakinsa bai yi nauyi ba. Ni ne babba a gidan, duk ido ya dawo kaina. Takardar alƙali tana cikin akwatin Yaya, na san inda take. Amma na sunkuyar da kai, na fara cewa, "To, ai ba za a ƙi ta manya ba."

Barira ce ta kawo ruwa. Ta ajiye kwanon, ta miƙe tsaye a gaban maza bakwai, ta ce, "Baba Lawali, ba ni zuwa. Shi ne ya ƙona ni. In kuna so in nuna muku."

Ba wanda ya so. Wani dattijo ya ce yarinya ba kunya, an lalata ta da boko. Suka kwashi takalmansu suka fita. Ba su sake dawowa ba, kuma ba ni na hana su ba.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar ɗa ba, ajin nata ma wata ce a ciki yanzu. Abin da ta bari shi ne mace guda, tana aure a Takeita, mai iya buɗe baki ta ce a'a a gaban kowa. Sauranmu muna nan yadda ta bar mu. Badukun ya tsufa, ya yi furfura, a sahun gaba yake salla. Juma'ar da ta wuce ya miƙo mini hannu a ƙofar masallaci, na karɓa da hannu biyu, har na tambaye shi iyali.