Ruwan Zafin Inna

Komai zan manta a duniya, ban da makonnin nan da na yi a kwance a Tamanrasset, garin da muke zaune can cikin hamada, bayan an yi mini aikin ciki. Zafin wuƙar likita ya wuce tuni. Abin da ya ƙi barina shi ne hannun Innata.

Haihuwa biyar na yi, ta ƙarshe tagwaye, daga nan cikina ya ƙi komawa. Naman ya rabe, cibiya ta turo, fata ta zubo har tana rufe bakin zane. Ni da nake wuni tsaye a shagon atamfa, bayana ya zama kamar ba nawa ba. Masu saye kuma ba su da magana sai, “Hajiya, yaushe ne suna?” Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, in ce, “Ku tanadi goro, shekara huɗu ke nan ina naƙuda.” Mu yi dariya, in koma gida in yi kuka.

Ƙarshe maigida ya kai ni asibiti a Aljer, babban birnin ƙasar. Aka rage fatar, aka ɗinke naman daga wannan ƙugu zuwa wancan, aka matse ni da ɗamara. Likitar, wata Balarabiya, ta jero mini hani: kada in miƙe sosai, kada in ɗauki ko buta cike, in kwanta a kishingiɗe da matashi ƙarƙashin gwiwa. Ruwan zafi bai zo cikin maganarta ba. Ina ita ina sanin wankan jego? Mu ma ba mu tambaya ba.

Na dawo gida a duƙe kamar mai neman allura. Tari azaba, atishawa kuwa sai na yi salati. Tagwayen su miƙo hannu in ɗauke su, in kau da kai.

Ana haka Inna ta iso daga Damagaram. Tsohuwa, ta ratso hamada a mota ta Agadas, ƙafafu a kumbure, da ƙullin ganyen sabara da kanwa. Ita ta yi mini wanka a duk haihuwata, kuma rabin matan unguwarmu ta can gida hannunta ne ya gasa su. Tafasasshen ruwa ba ya ba ta tsoro.

Wata safiya mai sanyi ta kwance ɗamarar, ta dubi kumburin, ta girgiza kai.

“Jini ne ya kwanta. Cikin da aka taɓa, ruwan zafi ne gyaransa.”

Wallahi daɗi na ji. Ta ɗora tukunya a kan gas, ta jefa sabara, ta ninke tsumma ta tsoma a tafasasshen ruwan. Ta kauce wa ɗinkin da kyau, ta danna ƙasan cibiya.

“Da zafi?”

“Ban ji komai ba, Inna.”

“To bai shiga ba ke nan.”

Ta sake tsomawa, ta daɗe tana dannawa. Muna ta hira, tana ba ni labarin wa ya yi aure, wa ya rasu. Ashe fatar nan ba ta ji, aikin ya kashe mata ji, tana dahuwa ni ina dariya a hankali don kada ɗinki ya motsa.

Kafin azahar wurin ya tashi ya yi ruwa. Washegari ya yi baƙi. Muka shiga taksi zuwa gidan likita, Inna na riƙe da mayafina. Mai wankin ciwon ya duba, ya riƙe baki, ya yi ta faɗa da Larabci. Inna ba ta jin Larabci, ta ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce ɗinki ne ya yi ruwa, ana samun haka.”

Ta leƙa. Ƙunar ta fito daidai ninkin tsumman, har kusurwoyinsa. Ta ce, “Kada ki yi mini ƙarya, ɗiyata. Na san aikin hannuna.”

Tun daga ranar Inna ba ta sake taɓa ni ba. Ta yi girki, ta yi wanki, ta goya tagwaye, amma kwanon kunu sai ta ajiye kusa da ni ta ja baya. In zan tashi, ta kira maigida. Wata Bamaraɗiya maƙwabciyarmu ta haihu, aka zo roƙon Inna ta yi mata wanka, ta ce, “Ku nemi wata, hannun nan ya tsufa.”

Na yi lallashi, na yi tsiya, na ce, “Haba Inna, ɗan tabo ne fa, wa zai gani ban da mai shi?” Ko murmushi. Ta ce, “Na ƙetaro hamada in gyara ki, na ƙona ki.” Abin ya fi ƙunar ci mini rai. Ga shi ko kukan kirki ba na iyawa, sheshsheƙa ɗaya sai in ji ɗinki zai ɓalle. Sai dai in danne ciki da matashi, hawaye su yi ta zuba.

Ciwon ya daɗe kafin ya fara haɗewa. Da ta ga haka, ta ɗaure kayanta. Ranar tafiya ta tsaya bakin ƙofa, hannuwa cikin mayafi, tana yi mini addu’a daga nesa. Na taka a duƙe na isa gare ta, na fizgo hannun da ƙarfina, na ɗora shi a cikina gefen bandeji.

“Kina ji?” in ji ta.

“Ina ji, Inna.”

Ban ji komai ba. Amma ta bar shi a wurin har mai taksi ya gaji da danna oda.

Shekara ba ta zagayo ba Allah ya karɓi abinsa. Jin fatar kuwa ya dawo mini sannu a hankali, da ƙaiƙayi da tsira-tsira, har yau ina jin ko bakin zane ya goge ta. Ya dawo ne bayan da hannun da nake so in ji ya riga ya tafi.

Yanzu duk wadda za a yi wa aiki, ina ce mata ta tambayi likita har abin da take ganin kowa ya sani. Amma babban abin da na koya ba shi ne ba. Wanda ya ji maka ciwo garin ƙaunarka, nasa ciwon ya fi naka zurfi, kuma ba a yi masa bandeji. Ka yi ta jinyarsa tun yana kusa. Allah ya jiƙan Inna.