Mai Kunun Zaƙi a Gefen Zanga-zanga

Ma'aikata sun cika titi a Gummi, suna zanga-zanga kan rage albashi da korar abokan aikinsu. A gindin dalbejiya wata dattijuwa na zaune da bokitin kunun zaƙi. Hijabinta ya koɗe, silifas ɗinta duk ɗinki. Ba ta kiran ciniki, sai gyaɗa kai take yi duk sa'ad da taron ya ɗaga murya. Ina jin da kunun nan ake ɗora tukunya a gidanta.

Wani malamin makaranta, muryarsa a dushe, ya sha, ya sa hannu aljihu.

"Bar shi, Malam," in ji ta. "Ɗana Sufyanu ma an sallame shi, kunya ta hana shi hitowa. Koma ka yi mashi ihu."