Armaya'u, Mai Tare Wuta da Wuta

Da zarar ruwa ya ɗauke, kafin gamba ta gama bushewa, za ka ga Armaya'u da sassafe a bayan rumbunan Wagini, lauje a kafaɗa. Saƙar zana ce sana'arsa. Sai ya yanke ciyawa ya buɗe fili mai faɗi, ya cinna wa sauran wuta tun da raɓa, yana binta da ɗanyen reshe yana bugun bakinta. Kafin hantsi ya bar baƙar hanya a bayan gari. Ba wanda ya sa shi, wannan kuwa shi ya dami mutane.

Mutumin da ke yawo da bakin wuta ba a aike shi ba, me yake nema? Wasu suka ce so yake ciyawar kowa ta ƙone, tasa ta yi daraja. Da Baturen daji ya hana farauta da wuta, sai magana ta sake salo: ai shi ne idon En'e, wato hukumar gargajiya. In ya iso majalisa, hira ta mutu ke nan. Abin yana ci mini rai, don masu gulmar nan na san karnukansu, na kuma san inda gafiyar da ke tukunyarsu ta fito.

Wata shekara wuta ta taso daga wajen dajin Rugu da rana tsaka. Ta cinye ɗorawa da kaɗanya, ta babbake amya da zumarta, zomaye suna faɗowa gari a gigice. Fulani suka kora shanu kudu, don ba sauran abin kiwo. Maƙwabtanmu na Zakka da Tsaskiya suka rasa hatsin shekara. A Wagini ta iso bakin baƙar hanyar nan, ba ta sami abin ci ba, ta mutu.

Kuna tsammani an gode masa? Washegari aka kai shi gaban Dagaci. Sammani mafarauci ya ce, "Ranka shi daɗe, yaya aka yi ya san ta nan za ta biyo, in ba shi ya turo ta ba?"

Inno ce, wata tsohuwa mai itace, ta matso ta durƙusa. "Allah shi ba ka nasara, ni ina cikin dajin. Daga ramin gafiya hayaƙin farko ya tashi, na ko ji haushin karnuka. Wannan bawan Allah kuwa gindin rumbuna na iske shi, gashin girarsa duk ya ƙone."

Sammani ya sunkuyar da kai. Aka sallami Armaya'u, amma ba wanda ya ba shi haƙuri, har yau kuma akwai masu yi masa kallon gefen ido.

Armaya'u, katangar rumbuna! Kai ne ka tsare tuwon waɗanda ke zarginka, ba ka taɓa tsallake rumbun kowa ba. Yanzu hayaƙi ya ci idonka, ƙafa ta yi nauyi. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma mutanen Wagini, da na Zakka da Tsaskiya, bana gamba ta kai wuyan doki, samari kuwa suna tsoron ɗaukar aikin kada a ce su ne. Na tambayi Armaya'u wa zai gaje shi, ya ce, "Duk mai so ya zo in nuna mashi. Amma ku fito ku duka, kowa shi riƙe reshe, don kada a bar wani shi kaɗai da wuta yadda aka bar ni."