Mahauci Mai Kalangu a Baki

Yau kasuwar Babura ke ci, makaɗin mahauta bai zo ba, ga nama jibge, rana tana ɗagawa. Wani gajeren mahauci mai furfura ya kumbura kumatu, yana fitar da kiɗan kalangu da bakinsa. Leɓe na bugawa, maƙogwaro na amsawa. Ina jin jikan makaɗa ne. Masu saye har sun fara taruwa.

Wani ɗalibi rungume da rediyo mai kaset ya ce, "Baba, haka samarin Amurka masu waƙar hip-hop suke yi a bakin titi."

Dattijon ya goge baki. "Ka gaishe su, ɗana. Ka ce su riƙa numfashi ta hanci, kada su shiɗe."