Yaya Memuna da tsuntsayen hunturu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayata Memuna. A tsakiyar bazara Allah ya karɓi abinsa, amma ni ba a bazara na fi tunawa da ita ba. Sai sanyi ya kankama, rana ta fara faɗuwa tun kafin a tashi daga aiki, sannan nake jin rashinta ya dawo mini sabo, domin hunturu shi ne lokacinta.

A zangon Kumasi, a Ghana, aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta fara zuwa Ingila, ta biyo mijinta Alhaji Issaka, suka zauna a wani flat na council, gidan hayar hukuma, a Ladywood, cikin Birmingham. Ni daga baya na zo, na sauka a Cheetham Hill a Manchester, inda har yau nake aiki a wani sito na 'yan sari. Yaya kuwa aikin kula da majinyata take yi a wani asibiti a Edgbaston. Rayuwarta ba ta wuce gida, asibiti, da taron suna ko biki ba. 'Yarta ɗaya, Rahinatu, a nan aka haife ta.

Da Alhaji ya rasu, Rahinatu kuma ta tafi jami'a, sai Yaya ta shiga wani hali. Ta gama takaba amma kamar ba ta fita daga cikinta ba. In ta dawo daga aiki sai ta ja labule ta zauna, ko fitila ba ta kunnawa. Hawan jini ya kama ta. Likitanta ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, dole ta riƙa fita tana taka ƙasa. Da ƙyar ta yarda ta fara zagaya babban tafkin nan na Edgbaston, wanda ba shi da nisa da gidanta.

A nan ta haɗu da wata tsohuwar Baturiya da ke tsayuwa a bakin ruwa da madubin hangen nesa. Wata rana matar ta miƙa mata ta ce ta duba. Yaya ta ba ni labari cewa fararen tsuntsayen ruwan nan da Turawa ke kira gull, waɗanda ta ɗauka duk abu ɗaya ne, sai ta ga ashe ba haka ba ne. Wani ƙafarsa ja ce, da ɗigon baƙi a bayan ido kamar an taɓa shi da kwalli. Wani ƙafarsa ruwan ganye, kansa da zane-zane. Wani ƙato ne mai baƙin baya, yana ture na kusa da shi. Ta ce ta koma gida tana mamakin yadda abu zai yi shekaru a gaban mutum bai gan shi ba. Kafin sanyin ya wuce ta sayi nata madubin.

Mutanenmu ba su bar ta ba. Aka ce Hajiya Memuna ta fara taɓuwa, aka ce me mace mai shekarunta take nema a bakin ruwa cikin Turawa. Maganar ta iso har Manchester. Da na gaya mata, ba ta yi fushi ba, sai ta ce in zo in gani da idona. Na hau jirgin ƙasa na je. Ta sa ni na saka safa biyu, ta ɗaura mini gyale a wuya, muka fita bayan azahar. Ta nuna mini wata agwagwa mai siririn baki, namijin fari da kai kore mai duhu, macen da jan kai kamar ta sha lalle, suna nutsewa suna fitowa can nesa. Da yamma ta yi sai gull suka fara sauka a tsakiyar ruwa daga ko'ina, har saman tafkin ya yi fari. Hannuna ya ƙage saboda sanyi, amma na ga fuskar Yaya ta saki irin yadda ban gani ba tun rasuwar Alhaji. Daga ranar na daina kai mata maganar kowa.

Bayan haka kusan kowane hunturu muna tare. Wani lokaci ni ke zuwa Birmingham, wani lokaci ita ke zuwa wurina. Ita ta koya mini cewa ƙananan tsuntsayen da ke cika filin ƙwallon unguwarmu da sanyi baƙi ne daga ƙasashen arewa. Mai farar gira da ja a ƙarƙashin fiffike shi ne redwing, babban mai tokar kai kuma ɗan'uwansa ne. Tana faɗin sunayensu na Turanci da lafazinta na zango, Rahinatu na dariya tana gyara mata da harshen 'yan Birmingham. Wata shekara wasu tsuntsaye masu tukku suka sauka a kan bishiya mai jajayen 'ya'ya da ke ƙofar flat ɗinta. Ta kira ni a waya, ta ce ba kowace shekara suke zuwa ba, ga su kuma a ƙofarta.

Bishiyar nan yanzu babu ita. An sare ta lokacin da ake gyaran unguwa, kuma dogayen gine-gine sun tashi a wuraren da ta san fili ne. Sanyin ma ya sauya, ƙanƙara ba ta cika kwanciya kamar da ba, ruwan sama ya fi yawa. Matasa kuma sai su ɗaga waya, ta saurari kukan tsuntsu ta faɗa musu sunansa. Ina yawan tunanin abin da Yaya za ta ce a kan wannan. Ina jin za ta karɓi wayar ta gwada, don ba ta ƙin sabon abu. Sai dai ita ta fi son ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta yi kuskure, ta dawo washegari ta gyara. Ba na jin za ta yarda a raba ta da wannan.

Tafiyarmu ta ƙarshe bakin teku muka je, wajen Southport. Yaya ta ji labarin an ga balbela a fadamar da ke can, balbela irin tamu ta gida mai bin shanu, wadda a lokacin ba kasafai ake ganinta a wannan yanki ba. Ta zo Manchester ta kwana, da safe muka kama hanya. Na lura ta rame, tana kuma tsayawa ta huta a ɗan gajeren taku, amma ta ce aiki ne ya yi mata yawa.

Ruwan teku ya janye, taɓo ya shimfiɗu iyakar ganin ido. Dinya masu yawan gaske suka wuce ta samanmu suna kuka, ƙananan tsuntsaye masu dogon baki suna tsintar abinci a bakin ruwa. Can na hango wata fara tsaye a cikin rafi, na taɓa Yaya na ce ga ta. Ta ɗora madubi ta daɗe, sannan ta girgiza kai. Ta ce wannan bakinta baƙi ne, siririya ce, yatsun ƙafarta rawaya. Tamu gajera ce mai rawayan baki, kuma a gindin shanu za a same ta, ba a cikin ruwa ba. Muka bi gefen gonaki muna duba garken shanu har ƙafa ta gaji. Ba mu gan ta ba.

A cikin ɗakin katakon da ake zama a kalli tsuntsaye ta gaya mini. Babu kowa sai mu biyu. Ta ce an yi mata gwaji, cutar daji ce, kuma ta riga ta yi nisa. Na fara kuka, ta riƙe hannuna ta bar ni na yi mai isata.

"Azumi, ba mutuwar ce ke damuna ba, kowa da ranarsa," in ji ta. "Abin da ke ci mini rai, na yi shekara da shekaru a ƙasar nan ban taɓa ɗaga kai ba. Sai da na fara gani, sannan aka ce lokaci ya yi."

Ta yi fatan ta ga wani hunturun, Allah bai nufa ba. A ranar sadakar uku tsohuwar Baturiyar nan ta zo, ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna cikin mata ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Wasu daga cikin waɗanda suka yi gulmar Yaya su suka matsa mata wuri, suka zuba mata abinci.

Yanzu balbela ta zama abin da ake gani a wannan fadamar. Bara na koma tare da Rahinatu, muka same su a gona ɗaya suna bin shanu kamar a bayan gari a gida. Rahinatu ta yi murna ta ɗauki hoto. Ni kuwa na kasa murna. 'Yan shekaru kaɗan ne tsakanin tafiyarmu da yawaitarsu, kuma Yaya ba ta samu waɗannan shekarun ba.

In aka tambaye ni abin da ta bari, ba gida ba ne, ba kuma suna a cikin jama'a ba. Ilimin da ta tara ma yawancinsa ya tafi da ita, don abin da na riƙe bai kai rabin rabi ba. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma yana aiki. Akwai maƙwabciyata Hajiya Zenabu, wadda 'ya'yanta duk suka watse zuwa wasu garuruwa, ta zama ba ta fita sai sayen abinci. A farkon sanyin nan na ƙwanƙwasa mata ƙofa, na matsa mata har ta sa riga, muka hau tram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, zuwa wani wurin shaƙatawa mai tafki. Ta yi ta ƙorafin sanyi da ciwon gwiwa. Can sai ta nuna wani ɗan tsuntsu mai launin ƙasa da ke hawa jikin bishiya yana zagaya ta.

"Maman Sadiya," in ji ta, don da sunan 'yata take kirana, "wancan fa, me ake ce masa?"

Na duba iya dubawata, na ce mata ban sani ba. Yaya ce za ta sani. Muka tsaya muna kallonsa har ya kai reshen sama ya tashi. A hanyar komawa gida Hajiya Zenabu ta tambaye ni ko za mu dawo ranar Asabar.

Allah ya jiƙan Yaya Memuna, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce makomarta.